Shin Ko Kun San? Wutar Garwa Da Maga: Nawa Daga Ruwa, Nawa Daga Rana, Nawa Daga Mai

Shin ko kun san cewa masu lissafin lantarki suna raba wutar kowace ƙasa gida biyu? Gida na farko shi ne wutar da ta fito daga abin da ke sabunta kansa: ruwa, hasken rana, iska da zafin ƙarƙashin ƙasa. Gida na biyu kuwa wutar da ta fito daga abin da ake haƙowa a ƙona: kwal, iskar gas da mai. A shekarar 2023 ne kason gida na farko ya kai kashi 30 cikin 100 na wutar duniya a karon farko. A 2024 ya matsa zuwa wajen kashi 32. Kwal shi kaɗai yana riƙe da kusan kashi 34 a 2024 ɗin, gas kuma kusan 22.

Ko kun san akwai gida na uku da ba ya shiga cikin biyun? Shi ne nukiliya, mai ba duniya kusan kashi 9 na wutarta. Faransa tana samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga gare shi, kuma shekaru da dama ma'adinin yuraniyom na Arlit da ke Nijar yana cikin abin da ya ciyar da tashoshinta.

Shin ko kun san cewa Kamaru ta fi duniya maki a wannan lissafi? Sama da kashi 60 cikin 100 na wutar da ƙasar ke samarwa daga ruwa take fitowa. Idan aka tsaya a kan wannan adadi sai a ce madalla. Amma mutumin Garwa da na Marwa da na Maga yana da hujjar tambaya: ruwan wane kogi, kuma wutar tana bin wace waya?

To, ga amsar. Kusan duk manyan madatsun Kamaru a kudu suke, yawancinsu a kan kogi ɗaya, wato Sanaga. Akwai Edeya mai megawat 276, wadda aka fara tun shekarun 1950 lokacin Turawan Faransa, kuma babban dalilin faɗaɗa ta shi ne masana'antar narka alminiyom ta Alucam da ta fara aiki a 1957. Akwai Song Loulou mai megawat 384, wadda ta fara aiki a 1981. Akwai Nachtigal mai megawat 420, sabuwa fil, injinta na farko ya fara ba da wuta a 2024, na bakwai kuma a 2025. Can kudu sosai a kan kogin Ntem akwai Memve'ele mai megawat 211.

Kun san kuwa cewa wannan wuta ta Sanaga an shekara da shekaru ba ta da hanyar zuwa arewa? An gina Kamaru da layukan wuta da ba su haɗu da juna ba. Layin kudu, wanda ma'aikata ke kira RIS, shi ke ciyar da Duwala da Yawunde. Layin arewa, RIN, shi ke riƙe da jihohi uku: Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa. Ko da wuta ta yi yawa a Edeya har aka rasa yadda za a yi da ita, ƙwan lantarki ɗaya ba za ta kunna a Garwa ba muddin babu wayar da ta haɗa su.

Shin ko kun san cewa a ƙidayar jama'a ta 2005, waɗannan jihohi uku na arewa suna da mutum miliyan 5 da dubu 700 daga cikin miliyan 17 da rabi na ƙasar? Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba. Kuma duk wannan jama'a, madatsa ɗaya tal ce ginshiƙin wutarsu.

Sunanta Lagdo. Tana kan kogin Binuwai, tafiyar kilomita 50 ko fiye kaɗan daga Garwa. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, a ƙarshen mulkin Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne. Tsayinta mita 40, tsawon bangonta mita 308. Tana da injuna 4, kowanne megawat 18, jimilla 72.

Ku dubi wannan adadi da kyau. Inji guda na Nachtigal megawat 60 ne. Wato duk ƙarfin Lagdo, da ke ɗauke da Gaundare da Garwa da Gidar da Marwa har Yagwa, ya ɗara inji ɗaya na Nachtigal da megawat 12 kacal. Song Loulou ta ninka Lagdo fiye da sau biyar. A 1982 megawat 72 ya wadatar har da rara. Amma tun daga lokacin garuruwa sun bunƙasa, an ƙara masana'antun cire gurya da tatsar mai na Sodecoton, ga simintin Figil, ga injinan niƙa da na walda, ga firiji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki a gidajen da a da aci-bal-bal ce kawai. Madatsar dai tana nan yadda aka bar ta, injunanta sun haura shekara 40 suna juyawa.

Ko kun san cewa megawat 72 ɗin nan ma ba kullum ake samunsa ba? Ƙarfin wutar ruwa ya dogara da abu biyu: yawan ruwan da ke bi ta cikin inji, da tsayin da yake faɗowa daga gare shi. Idan tafki ya ja baya, duka biyun ke raguwa tare. Lagdo kamar rumbu take: damina ce ke cika ta daga Yuli zuwa Oktoba, sauran watannin shekara ana ɗiba ne kawai. Idan damina ta yi gardama, tun kafin azahar ɗin rani an hango gindin rumbu. Ga kuma yashi da laka da kogi ke kwasowa daga gonaki da tsaunukan da aka sare wa itatuwa, suna taruwa a ƙasan tafkin shekara bayan shekara, suna cinye wurin da ruwa zai zauna.

Abin da ya faru ke nan bayan daminar 2020. Tafkin bai cika ba, kuma a 2021 arewacin Kamaru ya sha ɗauke wuta irin wanda mutane ba su manta ba. Unguwa-unguwa aka riƙa raba wutar, wannan ta samu da safe, waccan da dare, wata ta kwana ta wuni babu. Tela ya zauna, mai walda ya zauna, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ya tafka asara a daidai lokacin da Garwa ke haura digiri 40 na zafi.

Shin ko kun san me aka kawo don cike giɓin? Dizal. A unguwar Jambutu ta Garwa akwai tashar injinan mai, kuma aka kwaso wasu injinan daga tashar Ahala ta Yawunde aka kafa su a Garwa da Gaundare. A Marwa kuwa an kafa tashar haya ta kamfanin Aggreko mai megawat 10 a 2017. Saboda haka a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, kason mai a wutar arewa yakan yi sama sosai, alhali adadin ƙasa baki ɗaya yana nan yana cewa Kamaru ƙasar wutar ruwa ce. Duka maganganun biyu gaskiya ne, sai dai ɗaya ce kawai mutumin Maga ke gani a ɗakinsa.

Kun san yawan man da irin wannan tasha ke sha? Babban injin dizal yana ƙona sama da rubu'in lita kafin ya ba da kilowat ɗaya na awa guda. Tasha mai megawat 10, idan ta yi awa 24 tana aiki da cikakken ƙarfi, za ta sha sama da lita 60,000. Kusan tankar mai biyu ke nan, a kowace rana ta Allah.

Kuma man ba a bakin ƙofa yake ba. Daga tashar jirgin ruwa ta Duwala yake tasowa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare inda dogo ya ƙare, sannan tankoki su sauko da shi ta gangaren dutsen nan mai haɗari zuwa Garwa. Tun da matatar Sonara ta Limbe ta yi gobara a ranar 31 ga Mayun 2019, tataccen man da Kamaru ke amfani da shi daga waje ake sayo shi. Duk tsadar da ta faɗa wa mai a kasuwar duniya sai ta biyo wannan doguwar hanya ta iso arewa da ƙari.

Ko kun san cewa ɗanyen man Chadi yana ratsa Kamaru tun 2003, a cikin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga yankin Doba zuwa Kribi? Yana wucewa ne zuwa jiragen ruwa. Chadi kanta, duk da man da take haƙowa, tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin wuta a duniya: wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke da lantarki, kuma mafi yawan wutar Injamena daga ƙona mai take.

Shin ko kun san cewa tashar gas mafi girma a Kamaru tana Kribi, megawat 216, ta fara aiki a 2013 da gas ɗin da ake haƙowa a cikin teku? Akwai kuma tashoshin baƙin mai a Limbe da Dibamba. Duk a kudu. Babu bututun gas da ya nufo arewa, don haka man da arewa ke ƙonawa shi ne mafi tsada a cikin dangin.

Yanzu mu leƙa Maga. Ko kun san cewa wannan gari na gundumar Mayo-Danay yana zaune ne a gindin ɗaya daga cikin madatsu mafi tsawo a yankin, amma ba ta ba da ko kilowat ɗaya? An gina madatsar Maga a 1979, ganuwar ƙasa ce mai tsawon kilomita 27, daga Pus a bakin kogin Logon zuwa Girbidik. Hukumar noman shinkafa ta SEMRY ce ta yi ta domin ban ruwa. Tafkin yana da faɗi ƙwarai, har dorinar ruwa na zaune a ciki, amma zurfinsa mita kaɗan ne, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ruwa mai yawa ba tare da tsayin faɗowa ba bai isa ya juya babban inji ba. Lagdo ta samu mita 40 saboda Binuwai ya bi ta tsakanin duwatsu a wurin. Maga ba ta da wannan gatan.

Sai dai tana da wani gatan na daban. Gonakin shinkafar Maga, hekta wajen 6,000, ruwa yana gangarowa cikinsu da kansa da zarar an buɗe ƙofofin madatsa, ba a biyan kuɗin wuta ko na mai don ɗaga shi. A Yagwa kuwa sai da manyan famfuna ake janyo ruwa daga Logon zuwa gonaki. Idan wuta ta yi wasa, shinkafar Yagwa ce ke fara jin ƙishi. Manomin Maga shi ma ba ya tsira gaba ɗaya, domin injin casar shinkafa da na niƙa duk wuta ko mai suke so.

Kun san kuwa cewa madatsa, ko da ta wuta ce mai tsabta, tana da nata kuɗin da wasu ke biya? Bayan an tare ruwa a Maga, fadamar nan ta Waza da Logon, wadda makiyaya ke kira yayre, ta rasa wani babban ɓangare na ambaliyar da ke rayar da ita duk shekara. Ciyawa ta ragu, kifi ya ragu, namun dajin Waza suka shiga wahala. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa don mayar da rai a wani sashe. A 2012 kuma ruwa ya yi barazanar fasa ganuwar, dubban mutane suka bar gidajensu, har aka shigo da kuɗin Bankin Duniya don gyara ta.

Shin ko kun san cewa Lagdo ma tana da irin wannan labari, amma nata ya ƙetare iyaka? Idan tafkin ya cika maƙil a ƙarshen damina, dole a buɗe ƙofofi don kada bango ya karye. Ruwan ya bi Binuwai ya wuce Garwa, ya shiga Najeriya ta Yola, ya nufi Numan da Makurɗi da Lakwaja. A ambaliyar 2012 sama da mutum 360 suka rasu a Najeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 mamatan sun haura 600. Allah ya jiƙansu. Ba Lagdo kaɗai ce sanadi ba, domin kogunan Mayo Kebbi da Faro da Gongola da Taraba da Katsina-Ala duk bayan madatsar suke zubowa cikin Binuwai. Amma tun lokacin gina ta ake maganar Najeriya za ta yi tata madatsar a Dasin Hausa, a jihar Adamawa ta Najeriya, don tare rarar ruwan da samar da wuta. Har yau ba a gina ta ba. Ruwan da ke cinye gonaki a Satumba shi ne wanda ake nema ido rufe a Afrilu.

Ko kun san lokacin da Lagdo ta fi rauni shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi? Daga Fabrairu zuwa Mayu tafki yana ƙasa, sama kuwa babu gajimare. Wannan shi ne dalilin da ya sa, a ganina, babu yankin Kamaru da wutar sola ta fi dacewa da shi kamar arewa. Duk awar da faifan sola suka ɗauki nauyin gari da rana, ma'aikatan Lagdo suna iya rage injuna su adana ruwa, su sake shi da magariba lokacin da kowane gida ya kunna ƙwai da talabijin. Tafkin da kansa ya zama ma'ajiyar wutar dare.

An fara gwada hakan. A 2023 aka ƙaddamar da tashoshin sola biyu a Marwa da Gidar, na farko masu girma irin wannan a duk faɗin Kamaru. Jimillarsu wajen megawat 36 na faifai, tare da batura masu ajiye megawat 19 na awa guda. Kamfanin Release, reshen Scatec na ƙasar Nowe, shi ya kafa su, kuma haya kamfanin wutar lantarki na Eneo ya ɗauke su, ba saye ya yi ba. Kayan a harhaɗe suke zuwa cikin kwantena, shi ya sa aikin bai ɗauki shekarun da madatsa ke ɗauka ba. A 2024 aka sa hannu don faɗaɗa su zuwa sama da megawat 64.

To amma kada adadi ya ruɗe ku. Shin ko kun san cewa megawat 36 na sola ba rabin Lagdo ba ne, ko da yake 36 rabin 72 ne? Injin ruwa, idan akwai ruwa, yana aiki dare da rana. Faifan sola ba ya komai da dare, da safe da yamma kuma kaɗan yake bayarwa. Idan aka haɗa shekara guda, abin da yake samarwa wajen kashi ɗaya cikin biyar ne zuwa ɗaya cikin huɗu na abin da zai bayar da a ce rana tana tsaka kullum. Saboda haka duk wanda ya ce muku kaza cikin ɗari na wutar ƙasa sola ce, ku tambaye shi: ƙarfin injunan da aka kafa yake nufi, ko wutar da suka samar a zahiri? Tazarar da ke tsakani babba ce, kuma a nan ne rahotanni da yawa ke ɓatar da mai karatu.

Batura fa? Megawat 19 na awa guda yana nufin idan aka ja megawat 19 daga cikinsu, awa ɗaya za su yi su ƙare. Aikinsu shi ne riƙe layi idan gajimare ya gifta, da tallafa wa farkon dare. Raba dare ba nasu ba ne tukuna.

Kun san cewa tsananin zafi yana rage wa faifan sola ƙarfi? Haske yake so, ba zafi ba. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya haura 25, yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a ranar Afrilu a Marwa jikin faifai yana wuce digiri 60. Ƙurar hunturu ita ma tana lulluɓe shi. Mai sola a gida ya riƙa goge faifansa da sassafe ko da yamma, kada ya zuba masa ruwan sanyi da tsakar rana.

Ko kun san cewa farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020? Abin da ya sa ke nan yau ake ganinsa a kan rufin shagon cajin waya, a rijiyar burtsatse, a masallaci da ƙaramin asibitin ƙauye. Gwamnatin Kamaru ma ta yi aikin ƙananan tashoshin sola na karkara tare da kamfanin Huawei, zagayen farko a garuruwa 166. Yawancin wannan wuta ba ta bi ta babban layi, don haka da wuya ta fito sosai a lissafin ƙasa. Haka ma ƙananan janareto masu shan zuwa-zuwa, man nan na Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda farashinsa ya tashi bayan cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023.

Wani abin da lissafin ba ya gani shi ne murhu. Mafi yawan gidajen Arewa Mai Nisa da itace da gawayi suke girki, da itace ake bandar kifin Maga da na Lagdo. Lantarki ƙaramin yanki ne na makamashin da talaka ke amfani da shi. Kuma kowace bishiya da aka sare a saman kogi tana ƙara wa tafki laka.

Shin ko kun san cewa Kamaru ta yi alƙawarin kai kason makamashi mai sabunta kansa zuwa kashi 25 cikin 100 nan da 2035, amma ba tare da ƙirga manyan madatsu ba? Wato Lagdo da Nachtigal ba sa cikin lissafin. Ana nufin sola, iska, tarkacen amfanin gona da ƙananan madatsu irin ta Mbakaou Carrière a jihar Adamawa ta Kamaru, mai megawat 1.4, wadda ta fara aiki a 2022. Da wannan ma'auni tafiyar da ta rage tana da nisa.

A jihar Adamawa ɗin dai akwai aikin madatsar Bini a Warak, kusa da Gaundare, da aka tsara da megawat 75. Da ta kammala da ta ninka wutar ruwa ta arewa. Kamfanin Sinohydro ya fara, aikin ya tsaya a 2019 kan matsalar kuɗi.

Ko kun san yadda maƙwabta suke? Najeriya akasin Kamaru ce: wajen kashi uku cikin huɗu na wutar babban layinta daga gas ne, saura daga ruwa. Kainji megawat 760 tun 1968, Jabba 578, Shiroro 600, Zungeru 700. Tashoshin gas kusan duk a kudu suke. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan wani layin da ke bi ta Makurɗi ya faɗi, Kano da Katsina da yawancin arewa sun haura mako guda cikin duhu. Tashar sola ta Chalawa a Kano megawat 10 ce. Arewacin Najeriya yana da waya amma tashoshinsa kaɗan ne, arewacin Kamaru yana da tasha amma an bar shi ba wayar kudu, kuma duka biyun sun ɗanɗana kuɗarsu.

Nijar kuwa tana sayen wajen kashi 70 na wutarta daga Najeriya kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Da aka yanke layin a watan Agusta, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka koma kan injinan mai. A ƙarshen shekarar tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki. A arewa, kusa da Agadas, kamfanin Sonichar yana ƙona kwal ɗin Anu Araren tun farkon shekarun 1980.

Kun san cewa Habasha kusan duk wutarta daga ruwa da iska take, kuma a Satumban 2025 ta ƙaddamar da babbar madatsarta mai megawat 5,150? Kenya tana samun wajen kashi 90 daga masu sabunta kansu, babban kaso daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkariya. Afirka ta Kudu kuwa sama da kashi 80 kwal ne. Nowe tana sayar wa duniya mai da gas, amma wutar gidanta kusan duk ta ruwa ce. Ingila, inda aka fara tashar kwal ta jama'a a 1882, ta rufe ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumban 2024.

Zambiya ce ya kamata mutanen Garwa su fi duba. Sama da kashi 80 na wutarta daga ruwa ne, a takarda tana cikin zakaru. Da fari ya janye tafkin Kariba a 2024, an kai ga ɗauke wuta har awa 21 a rana. Dogaro da tafki ɗaya haɗari ne ko a ina.

Shin ko kun san cewa wayar da za ta haɗa kudu da arewacin Kamaru tana cikin wani babban aiki da ya haɗa har da Chadi? A Yunin 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 domin sa, Bankin Raya Afirka ma yana ciki. Layi ne mai kilobolt 225, zai tashi daga Nachtigal ya yi sama da kilomita 500 zuwa Gaundare, daga nan ya bi Garwa da Marwa ya ƙetara zuwa Injamena, inda ake sa ran sayar da megawat 100. Kamfanin Sonatrel, mai kula da manyan layuka, shi ke riƙe da ɓangaren Kamaru. Ranar da wannan waya ta ɗauki wuta, ranar ce kashi 60 ɗin nan na ruwa zai fara zama na Garwa kamar yadda yake na Duwala.

Sai dai babbar waya a manyan garuruwa take sauka. Daga Marwa zuwa Maga wajen kilomita 80 ne, kuma abin da ke kai wuta irin waɗannan wurare ƙananan layuka ne, da yawa a kan turakun katako da gara ke ci, iskar farkon damina kuma ta kayar. A karkarar Kamaru wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne ke da lantarki, Arewa Mai Nisa kuma tana can ƙasan jeri.

Don haka jama'ar Garwa da Marwa da Yagwa da Maga, idan ɗan majalisa ko magajin gari ko wakilin ma'aikatar ruwa da makamashi ya zo muku da adadin ƙasa, ku karɓa da hannu biyu, sannan ku nemi na layin arewa: megawat nawa Lagdo ta bayar a watan Afrilun bana, lita nawa aka ƙona a Jambutu, ina aka kwana kan layin Nachtigal da gyaran injunan Lagdo, kuma yaushe za a sauya turakun da ke kawo wuta garinku. Haƙƙinku ne ku ji amsa.